Ƙungiyoyin agaji: A buɗe littafin lissafi, a kafa wakafi

Tun ranar 20 ga Janairu, 2025, da Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kowa ya san inda aka dosa. Kafin ƙarshen Maris an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID, hukumar da ke raba tallafin, a farkon Yuli kuma aka rufe hukumar. A cikin watan na Yuli Shirin Samar da Abinci na Duniya ya yi gargaɗin cewa abincin da yake raba wa mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas ya zo ƙarshe, kuma cibiyoyi fiye da 150 masu kula da yara 'yan tamowa a Borno da Yobe na gab da rufewa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ma ta sanar da rasuwar yara 652 a cibiyoyinta na Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ƙungiyoyinmu na gida suka durƙushe cikin 'yan makonni. An sallami ma'aikata, an kulle ofisoshi, motoci sun koma ajiya. Ƙungiyar da ta shekara goma tana aiki ta kasa biyan albashin wata biyu daga aljihunta, domin duk rayuwarta a rataye take da sa hannun wani mutum a Washington. Kayan aro ba ya rufe katara, an daɗe da faɗa, sai dai babu wanda ya ɗauka har ranar da mai kaya ya karɓe abinsa.

Masu ba da tallafin ma ba su fita ba. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa tafiya ga ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce, ba a ko kusanci adadin ba. Manyan ƙungiyoyin waje suka ci gaba da riƙe kuɗin, suna ba 'yan gida kwangilar wata shida ko shekara ɗaya, ba kuɗin horar da akawu, ba abin ajiyewa don ranar tsiya. Wanda aka raina a haka, ta yaya zai tsaya da ƙafarsa?

Duk da haka, dole mu faɗa wa namu gaskiya. Da yawa daga cikinsu ba za su iya nuna wa jama'a abin da aikinsu ya haifar ba. Rahotonsu cike yake da hotunan taron bita a otal, da jerin sunayen mahalarta, da adadin "waɗanda suka amfana". Amma a shiga ƙauye a ga rijiyar burtsatse: allon sunan ƙungiya na nan tsaye da fentinsa, famfon ya bushe tun bara, mata sun koma tafki da jarkokinsu. A takarda an rubuta cewa aikin ya yi nasara. Auna aiki na gaskiya shi ne a koma bayan shekara guda a ƙirga famfo nawa ne ke ba da ruwa, keken ɗinki nawa ne ke juyawa ba a sayar ba, yaro nawa ne aka sallama daga cibiyar tamowa sannan ma'aunin dantsensa ya sake nuna ja. Wannan lissafin muke nema, kuma a bainar jama'a muke son ganin sa.

Akwai masu cewa kuɗin bincike da bin diddigi gara a sayo wa mayunwata hatsi da su. Maganar tana da daɗin ji, amma da irinta aka daɗe ana rufe ɓarna. Wanda bai san inda buhu ɗari ya shiga ba, ko an ba shi dubu haka zai yi.

Nan ne kuma batun ɗorewa ya haɗu da batun lissafi. Al'ummarmu ba matalauta ba ne wajen kyauta. Ana fitar da zakka kowace shekara, ana ciyarwa a azumi, attajirai na gina masallatai har a unguwar da ke da guda uku. Jihohi irin su Sakkwato, Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da wakafi. Gida ɗaya na haya ko rumfunan kasuwa da aka mayar wakafi za su iya riƙe albashin ma'aikatan ƙaramar cibiya shekara da shekaru. Sai dai ɗan kasuwar Kantin Kwari ba zai miƙa dukiyarsa ga wanda bai taɓa nuna masa rasit ba. Ƙungiyar da ta iya rubuta wa Bature rahoto da Turanci duk wata uku, ta iya karanta wa mutanen gari lissafinta da Hausa a ƙofar fadar hakimi ko a gidan rediyo. A buɗe littafin lissafi, amana za ta samu, wakafi ya biyo baya.

Gwamnati kuwa ta san halinta. Ba mu manta da rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a 2019 ba, ko umarnin korar ƙungiyoyi daga Zamfara a farkon 2023. Duk lokacin da hukuma ta tuna da ƙungiyoyin nan, da sanda take zuwa. Ita kanta ma'aikatar jinƙai ta tarayya an dakatar da ministarta a Janairun 2024 kan batun naira miliyan 585. Saboda haka wa'azin gaskiya ya fara daga gida: dala miliyan 200 da aka sa a kasafin 2025 don cike giɓin tallafin lafiya, a gaya wa 'yan ƙasa asibitin da kowane kwabo ya je.

Buƙatunmu a fili suke. Gwamnatocin jihohi su ware asusun da ƙananan ƙungiyoyi za su nema a fili, bisa sharaɗin bincike daga wanda ba nasu ba. Jami'o'inmu na Maiduguri, Kano, Zariya da Sakkwato su sa malamai da ɗalibai aikin auna sakamako a ƙauyuka, maimakon a ɗauko ƙwararre daga waje da kuɗin da zai ciyar da unguwa. Hukumomin zakka da wakafi su haɗa hannu da ƙungiyoyin da suka nuna lissafinsu. Su kuma ƙungiyoyin su tanadi ajiyar da za ta riƙe su ko da tallafi ya yanke, su daina dogara da hannu ɗaya.

Duk ƙungiyar da ta ƙi buɗe littafinta, kada a ba ta sisin kwabo. Wadda ta buɗe kuwa, hakkinta ne a kanmu mu riƙe ta, domin 'ya'yanmu take yi wa aiki.