Bayan an kwance mari, sai me?

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane kimanin 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. An ɗauki hotuna, an yi tir, aka miƙa su ga iyayensu. Daga nan labari ya mutu.

Amma azaba ba ta ƙarewa ranar da aka buɗe ƙofa. Wanda aka taɓa ratayewa a ɗakin bincike yakan shekara bai iya ɗaga hannu ya sa riga ba. Wani ƙarar kwaɗo kawai zai ji ya hau makyarkyata, barci ya ƙaurace masa, a gida kuma a ce iskoki ne, ko a ce ya yi haƙuri. Haƙuri ba ya ɗora karaya.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 2001, kuma sashenta na 14 ya wajabta diyya da cikakkiyar jinya. Dokarmu ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga mai azabtarwa. Madalla. To, wanda aka azabtar fa?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware. Ya kamata gwamnati ta ware musu kuɗi, su buɗe sashen kula da waɗannan bayin Allah kyauta, har da gashin ƙashi da koyon sana'a.