Jadawalin zakarun duniya ba na ɗan kwaleji ba ne

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga matasa suna ɗaga ƙarfe ba, ko da siminti ne aka zuba a gwangwani aka soka masa bututu. Ɗaga ƙarfen kansa ba laifi ba ne. Laifin yana cikin jadawalin da suke bi. Yaro ɗan shekara 16 mai shirin jarrabawar BEPC zai kwafo tsarin atisayen Ronnie Coleman ko na Samson Dauda daga waya, mai gidan ƙarfe ya ce masa haka zakaru suke yi, ya duƙufa. Wannan ganganci ne, kuma mu manya muna da hannu a ciki.

Irin wannan jadawali an tsara shi ne don mutumin da ya shekara goma yana ɗagawa, har jikinsa ya daina amsa ƙaramin aiki. Ana raba masa jiki kashi-kashi: ƙirji yau, baya gobe, ƙafafu jibi, kwana biyar ko shida a mako. Kowace tsoka takan samu zagaye 10 zuwa 20 a mako, a kowane zagaye ana ɗagawa sau 6 zuwa 12 har ƙarfi ya kusa ƙarewa. Bayan mako huɗu zuwa takwas sai a sa makon sassauci don gaɓoɓi su huta. Duk wannan lissafi don ya ƙara kilo ɗaya ko biyu na tsoka a shekara ne. Sabon shiga kuwa, kwana uku a mako yana motsa dukan jiki da nauyi madaidaici ya ishe shi ya ga canji cikin watanni kaɗan.

Tsoka ba a gidan ƙarfe take girma ba, sai an ci an kwanta. Tana bukatar kusan awa 48 kafin a sake matsa mata, matashi kuma yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Mai gina tsoka yana neman giram 1,6 na furotin ko fiye ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga yaro mai kilo 60, giram 96 ke nan, kwatankwacin ƙwai 16. Ku gaya mini, wane gida ne yake ba yaro wannan kullum? Da koko da ƙosai yake zuwa lakwal, da dare ya ci tuwo, sannan ya bi tsarin mutumin da ke cin abinci sau shida. Sakamakon kuwa malamai suna ganinsa: gyangyaɗi a aji, ciwon kafaɗa da baya, maki yana zubewa. A zafin Afrilu da Mayu, atisaye mai tsanani ba tare da isasshen ruwa ba yana iya farfasa tsoka ya taɓa ƙoda. Alamarsa fitsari ya yi duhu kamar shayi.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya nunawa. Schwarzenegger da Coleman duk sun amsa da bakinsu cewa sun yi amfani da magungunan ƙara tsoka. Coleman ya ci gasar Mr. Olympia sau takwas, daga 1998 zuwa 2005, daga baya aka yi masa tiyata fiye da goma a baya da ƙugu, har tafiya ta koma sai da sanduna. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yaron da ya wahala wata shida bai kumbura kamar na cikin waya ba, wurin mai tallar magani zai nufa. Magungunan ƙara tsoka suna tsayar da tsawon matashi, su lalata hanta da zuciya, su rage maniyyi. Dexamethasone da ake sayarwa a matsayin maganin ƙiba kuwa ruwa da kitse yake tarawa, tsokar ma cinye ta yake yi.

Wasu iyaye za su ce a hana ƙarfen gaba ɗaya, aikin ƴan daba ne, musamman waɗanda suka kalli fim ɗin Aïcha Macky kan matasan Kara-Kara a Damagaram. Ban yarda ba. Ƙasar da ke tsayawa cik ranar kokowar takobi ba za ta ce ƙarfin jiki abin kunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce yara ƴan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. In ka hana yaro a gida, zai tafi inda ba ka gani.

Malaman wasanni su daina taƙaita darasi ga gudu da ƙwallo. Su koya wa ɗalibai tsugunno, turin ƙasa da jan jiki a sanda, su nuna musu yadda ake ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Iyaye su je gidan ƙarfen da kansu, su tambayi kwana nawa yaro yake zuwa da abin da yake haɗiya, su ƙara masa wake, awara, nono, ƙuli-ƙuli da fara. Mai gidan ƙarfen da ya ba yaro ƙwaya ko allura kuwa, a kai ƙararsa wurin hukuma.