Raddi ga masu cewa taswira ta gano auren dole a ƙasar Zuru

Wasu masana ƙididdiga suna da'awar cewa alƙaluman binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa (NDHS), idan aka haɗa su da bayanan talauci da na karatun mata, sun isa a zana taswirar da za ta nuna inda auren dole ya fi kamari a ƙasar Zuru, gunduma bayan gunduma. Wannan da'awa tana da rauni.

Suka ce an auna auren dole. Ma'aunin da ake zana taswirar da shi kuwa shekarun mace ne a lokacin da ta tare gidan miji. Binciken NDHS na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 20 zuwa 24 sun yi aure kafin 18. Wannan auren wuri ne. Bazawara mai shekara 25 da aka tilasta wa miji ba ta cikin lissafin.

Suka ce lissafi yana cike giɓin wuraren da ba a je ba. Nan ne babbar matsalar. A binciken 2018, an zaɓi rukunin gidaje kimanin 1,400 a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774, wato ko biyu-biyu ba su kai ba. Hanyoyi irin na Fay da Herriot, na 1979, suna aro daga wurare masu kama da juna su ƙiyasta inda samfur ya yi ƙaranci. To da wa Zuru ta yi kama? A Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya suna zaune a cuɗe, kuma Dakarkari suna da golmo, inda saurayi kan yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Lissafin da ya koyi darasinsa a Gwandu da Argungu bai san golmo ba.

Suka ce taswirar tana kaiwa har ƙauye, alhali da gangan ake gusar da matsayin kowane rukunin karkara, yawanci har kilomita 5, don sirranta masu amsawa. Ana kuma tambayar mace a garin mijinta, nesa da gidan da aka yanke shawarar aurar da ita. Hare-haren 'yan bindiga a Danko/Wasagu sun ƙara tarwatsa ƙauyuka, ga shi rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006.

Taswirar tana da amfani wajen kwatanta jiha da jiha. A matakin gunduma, wajibi ne a buga kowane ƙiyasi tare da faɗin kuskurensa, sannan a gwada shi da ƙararrakin kotuna da rajistar makarantu.