Wuski Mai Araha: Wa Ke Biyan Cikon Kuɗin?



Wani salo ya shigo, wai ɗanɗana giya a ba ta maki. Sai ka ga mutum ya jera kwalaben wuski masu araha, irin waɗanda manyan kantuna ke liƙa wa sunansu, yana kurɓa yana yabo, wai ga sauƙin kuɗi ga daɗi. A Ingila abin ya yi nisa, kantuna irin su Aldi da Tesco kowa da tasa kwalbar. To su can al'adarsu ce. Abin da ya dame ni shi ne samarinmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suna kallon wannan a waya, suna ɗauka wayewa ce.

Bari in yi magana irin ta ɗan kasuwa. Kanti ba ya dafa giya. Sarowa yake daga kamfani ya manna takardarsa, kamar yadda ɗan tireda ke sayen buhun sukari ya ƙuƙƙulla a leda. Kuɗin talla aka rage, ba ƙarfin bugu ba. A dokar Sikotilan, ba a kiran abu wuskinsu sai ya shekara 3 a ganga, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Ashe mai araha da mai tsada duk hanya ɗaya suke kai mutum, sai dai mai araha ta fi saurin isa hannun talaka.

A nan ƙasar kuwa arahar ta sauko har cikin leda. Da canjin da ya rage a aljihu ɗan acaba zai saya a tasha, ya tsotse, ya ɗauki fasinja. Ɗan makaranta zai ɓoye ta cikin safa. Shi ya sa a 2018 hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da kamfanoni, ta ba su shekara 5 su daina. A Fabrairun 2024 ta soma hana giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Nan take aka yi ta zanga-zanga wai za a rasa aiki, aka ɗaga wa'adi. Aikin wa? Ran wa?

Kuma wanda ya saba da neman araha, ƙasa yake ta gangarawa. A 2015 ogogoro mai gubar metanol ta kashe aƙalla mutum 18 a Ode-Irele ta jihar Ondo, ta kashe kusan 70 a jihar Ribas. Ba mai tsada suka saya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Wasu 'yan uwanmu masu tireda suna ajiye ledojin nan a ƙarƙashin teburi, wai ai ba su suke sha ba, maƙwabta ne ke tambaya. Haba malam! Hadisi bai tsaya kan mashayi ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai dako da mai cin kuɗinta. Iyayenmu da goro da shanu suka zo Kudu, amana ce jarinsu, da ita aka ba su wurin zama. Ribar leda nawa za ta sayo wannan sunan?

Ina kira ga sarakunan Hausawa da limaman unguwanninmu su zaga shagunan jama'arsu, su yi magana tun kafin abin ya zama jiki. Mai ba wuski maki ya duba kwalba, bai duba gidan da za ta shiga ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Wassalam.