Yarinya mai ciki a Agye, Gazawa da Gidan Rumji: wa ke da ikon faɗin inda za ta zauna?

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, idan ciki ya bayyana ga yarinyar da ba ta da aure, a zauren gida ake yanke makomarta. Ko a gaggauta ɗaura aure, ko a kai ta wurin gwaggo a wani ƙauye, ko a tsallaka iyaka da ita zuwa Jibiya ko Katsina har ta haihu. Ita kuwa ba a cika tambayarta ba.

Shin doka ta ba ta damar zaɓa da kanta? Kundin Code civil da Nijar ta gada daga Faransa ya ce sai mutum ya cika shekara 21 yake cin gashin kansa. Kafin nan, hanya biyu ce ke fitar da yaro daga ikon iyaye, abin da masana shari'a ke kira émancipation: aure, ko kuma uba ya bayyana gaban alƙali ya ce ya sakar masa ragama, daga shekara 15. Duka mabuɗan biyu suna hannun wasu. Aya ta 144 ta amince a aurar da mace tun tana shekara 15, kuma yawancin shari'o'in iyali bisa al'ada ake yanke su. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a Maraɗi kuma kashi 89. Ke nan 'yancin da doka ta fi sauƙaƙa wa yarinya shi ne ta fita daga hannun uba ta faɗa hannun miji.

Akwai hanya ta uku da mutanen karkara ba su cika sani ba. Dokar 20 ga Nuwamban 2014 ta ba alƙalin yara ikon kare yaron da ke cikin haɗari, har ya danƙa shi ga wani dangi, amintaccen mutum ko wata cibiya. Hukumar ANAJJ, da aka kafa a 2011, tana ba ƙananan yara tallafin shari'a kyauta.

Bambancin ƙaurar ɓoye da ta alƙali babba ne. Wadda aka ɓoye takan rasa makaranta, alhali dokar gwamnati ta 5 ga Disamban 2017 da matakan zartar da ita na 2019 sun buɗe wa ɗaliba mai ciki ƙofar ci gaba da karatu. Takan rasa awon ciki, wanda yake kyauta tun 2006. Jaririn ma kan wuce wa'adin kwana 60 na rajistar haihuwa. A Gidan Rumji kuwa, inda 'yan gudun hijirar Sakkwato, Zamfara da Katsina ke shigowa tun 2019, hanyar iyaka kanta haɗari ce saboda 'yan bindiga.

Doka tana nan a takarda, amma kotu na babban gari, kunya kuma na cikin gida. Ungozoma, malamin makaranta da mai gari su ne ke fara jin labari. Idan sun san lambar wayar ma'aikacin kare yara na gundumarsu, suka kuma kira shi kafin a sa ranar aure, yarinyar za ta iya sauya gida ba tare da ta rasa aji da katin asibiti ba.