Darasin Da Ya Kamata Firamarenmu Su Riƙe

Sanin kowa ne cewa a shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Duza da Dareta da 'Yargalma. Musabbabin shi ne niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurarsu na sauka inda yara ke wasa. Wanda ya tsira ma, dalma kan taɓa masa ƙwaƙwalwa, karatu ya yi masa nauyi.

To, me zai hana wannan ya zama darasin yau da kullum a firamarenmu? Maimakon kwafar allo kawai, a ba yaro aikin gida ya tambayi mahaifinsa inda ake niƙan dutse, gobe ya bayyana wa aji. Ziyarar ilimi kuwa, tunda hanya ba tsaro, ba sai an je Gusau ba. Ɗakin shan magani na gari ya isa yara su ji amfanin wanke hannu daga bakin ma'aikacin lafiya.

Don haka muna kira ga sakatarorin ilimi na Anka, Bukkuyum da Gummi su dubi wannan batu da idon basira. Riga-kafi dai ya fi magani. Allah Ya kare mana zuriyarmu, amin.