Kwamfutar haya ta riƙa mantuwa, shi ya fi mana alheri

A watan jiya wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar albasa a Aboabo, ya same ni a tashar rediyo ransa a ɓace. Ya shiga wani shagon intanet a nan Tamale don ya aika wa wakilinsa na Paga takardun kaya, aka ɗauke wuta, ya tashi ya tafi. Da wuta ta dawo, wanda ya zauna bayansa ya tarar da akwatin wasiƙunsa a buɗe, har da hoton katin ɗan ƙasa. Allah ya rufa asiri, mutumin kirki ne.

Jama'a, tun da hukumar kwastan ta Gana ta koma tsarin ICUMS a 2020, harkar fito da kaya ta koma kan intanet, kuma ba kowace takarda waya ke iyawa ba. Dole ɗan kasuwan Bawku ko Hamile ya zauna gaban kwamfutar da mutum goma suka taɓa kafin shi. Da yawansu tsofaffi ne, ga shi kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025.

Shawarata ga masu shaguna da masu kula da cibiyoyin sadarwa na al'umma ita ce, a riƙa tayar da kwamfutar haya daga filas. Ana zuba babbar manhajar Linux a kan filas, kwamfuta ta tashi daga can ba tare da ta taɓa rumbunta ba. Da zarar an kashe ta, kalmar sirri da takardu da duk ƙwayar cutar da aka kwaso sun tafi. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix a kan faifan CD.

To wacce za a zaɓa? Ni dai Linux Mint na fi yarda da ita, domin fuskarta ta yi kama da Windows, wanda ya saba ba zai ruɗe ba. Ubuntu ma ta yi, sai dai ta fi nauyi. Idan kwamfutar ta tsufa ƙwarai, Puppy Linux ce daidai da ita. Samari sukan yaba Tails, wadda aka gina don ɓoye sawu, amma tana bi ta hanyar Tor ne, tana da jan ƙafa, kuma wasu shafuka, musamman na banki, sukan ƙi karɓar mai zuwa ta nan. Mai sauri ya kama motar Bolgatanga ba zai jure ba.

Akwai inda gizo ke saƙar. Wajen shirya filas ɗin, kada a zaɓi tsarin da ke adana aiki, in ba haka ba an koma gidan jiya. A gwada na'urar buga takarda tukuna, don ba kowacce ke aiki nan take ba. Sannan filas ba ya hana idon na kusa da kai, ko wata 'yar na'ura da mugu ya maƙala a wayar allon rubutu. Kai kuma ɗan kasuwa, ka kwashe takardunka a naka filas kafin ka tashi, ka tsaya sai yaron shago ya kashe kwamfutar a gabanka.